Rigar Kujera Kafin Taya? Magana Kan Motocin Da Ke Ɗaukar Ƴaƴanmu

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Sabon Maci da Kornaka ta nufi Dakoro ya san kwalta ɗaya ce, ƙauyuka kuwa ba su ƙirguwa. Da zarar ka sauka daga kan kwaltar, sai rairayi da turbar amalanke. A nan babbar bas ba ta da ta cewa. A-kori-kura ce sarauniya: Hilux, tsohuwar Land Cruiser, da ƴan ragowar Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, waɗanda har yau wasunsu sun ƙi mutuwa. Ita ke kai gero da wake kasuwa, ita ke ɗauko mai naƙuda cikin dare idan abu ya gagari ungozoma, ita ke kai amarya, kuma ita ke kwasar ɗalibanmu zuwa wurin jarrabawa idan lokacin BEPC ya zo. Saboda wannan na ƙarshen nake ganin malami yana da bakin magana a kan abin da mai mota ke ɗaura wa motarsa, ko da shi malamin ko babur bai mallaka ba.

Na daɗe ina lura da yadda abin ke tafiya idan wani ya sayo mota, wadda galibi ta hannu ce, ta riga ta sha duniya kafin ta iso mu. Wurin tela ake fara zuwa a ɗinka wa kujeru riga. Daga nan sai wurin mai walda, a ƙera ƙaton ƙarfe a gaba, a ɗaga bodi da ƙarafuna. Sai fitilu, sai ƙaho mai tsorata jaki, sai rubutu a bayan mota. Taya da birki su ne na ƙarshe, in kuɗi ya rage, kuma ba ya ragewa. Ra'ayina shi ne wannan jerin a kife yake, kuma waɗanda ke biyan kuɗin kifewar su ne waɗanda ke zaune a baya.

Kada a ce na raina rigar kujera. Tana da amfani ƙwarai. Wanda ya ga abin da ƙurar hunturu da zufar bazara ke yi wa soso cikin shekara biyu ba zai zargi mai mota ba don ya kare dukiyarsa, balle yanzu da kayan mota suka ƙara tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar tashar Kwatano ta toshe. Abin da zan ce kawai, yadi mai kauri irin na tamfol, wanda ake cirewa a wanke, ya fi fatar roba mai sheƙi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, fatar roba da ta wuni a rana tana iya ƙona cinyar ƙaramin yaro. Masu barin ledar kamfani a jikin kujera shekara da shekaru don a ce motar sabuwa ce, su kam na bar su da zufarsu.

Inda matsalar take shi ne ɗinkin. Ku shiga motocin tasha ku laluba gefen kujera, ku nemi ɗan ƙarfen nan da ake maƙala bel a ciki. A mafi yawan waɗanda na shiga, tela ya binne shi a ƙarƙashin riga, ya bi da zare ya rufe. Ba mugunta ya yi ba. Ba wanda ya ce masa ya bar ƙofa, kuma ɗinkin ya fi kyan gani a haka. To amma an kare kujera an tsiraita mutum ke nan. Bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da ƙugu, kamfanin Volvo ne ya fara sa shi a motoci a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Hukumar dai ta ce hatsarin hanya na kashe mutane kusan miliyan 1.19 a duniya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku sake duba shekarun nan. Ƴan ajinmu ne, da ƙannenmu sababbin malamai. Abin da zai hana wannan bai wuce jimla ɗaya da za a faɗa wa tela ba: malam, a bar wa bel ƙofa, a dalle bakinta.

Motocin da ba su tsufa sosai ba suna da jakar iska, wadda ke fashewa ta tare mutum idan an yi karo. Tana cikin sitiyari, tana gaban mai zaman banza, wasu kuma har a gefen kujera. Duk inda aka ga an rubuta SRS ko AIRBAG, to nan take fitowa. Shimfiɗa bargo mai gashi a gaban mota don kare shi daga tsagewar rana dabara ce mai kyau, amma idan aka manne shi da gam a kan wannan wurin, ko aka jera kwalaben turare da kwalin tishu a kai, ranar da jakar ta tashi su za ta fara watso wa mutum a fuska.

Shimfiɗar ƙasa kuwa, ita ce abin da kowa ya fi rainawa. Muna yanko guntun kafet ko tsohuwar darduma mu jefa ƙarƙashin ƙafar direba, wani ma ya ɗora biyu. A watan Agustan 2009, a kusa da San Diego ta Amurka, wata Lexus ta kwasa da gudu ta ƙi tsayawa, mutum huɗu ƴan gida ɗaya suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar shimfiɗar roba ce da ba ta motar ba ta danne totur. A wannan shekarar Toyota ta yi kiranyen motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka kan batun shimfiɗa. Idan abin ya faru a ƙasar da ake auna komai da ma'auni, ina ga namu da ake yankawa da reza? Ta roba guda ɗaya, daidai wurin, a ɗaure ta kada ta zame gaba. Kuma a daina ajiye buta da gorar ruwa a ƙafar direba, don ba su san lokacin da bai kamata su gangara ƙarƙashin birki ba.

Mu fito waje. Ƙarfen gaba, wanda wasu ke kira maganin saniya, na fahimci dalilinsa. Mai bin hanyar Dakoro da dare yana gamuwa da shanu da raƙuma da jakuna, kuma lagireto ba arha ba. Sai dai ina roƙon mai mota ya tsaya gaban motarsa ya auna tsayin ƙarfen nan da jikin yaro ɗan shekara bakwai. Daidai ƙirji da kai yake. An ƙera gaban mota ne yadda zai lotsa ya shanye wani ɓangare na bugu, shi kuwa bututun da mai walda ya haɗa ba ya lotsawa, duk ƙarfin bugun a jikin wanda aka buge yake ƙarewa. Shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa masa ƙa'idoji masu tsanani, Indiya kuma ta hana shi a ƙarshen 2017. Makarantunmu da yawa a bakin hanya suke, ba katanga, ranar kasuwa kuma yara masu talla suna ratsa tsakanin motoci kamar kaji. Wanda ke kwana a daji bayan kwarin Tarka, zan iya yi masa uzuri. Wanda aikinsa tsakanin tasha da kasuwa ne, ado kawai ya saya, kuma ado ne mai kisa. Haka jerin fitilun nan farare masu kashe ido. A daji suna da rana. A kan kwalta kuwa mai babur da ke tahowa makancewa yake yi na ɗan lokaci, mai amalanke kuma ba shi da ko fitilar da zai ce ga ni.

Yanzu ga inda nake son malamai su ɗauki alli. A-kori-kura irin Hilux, abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, kilo 1000, kuma a cikin lissafin har da direba da duk wanda ke gaba. Buhun gero mai tiya 40 kusan kilo 100 ne. Buhu goma, magana ta ƙare. Ɗalibai 20 masu kilo 45 kowane, kilo 900 ke nan, ba a sa tabarmi da jakunkuna da malamin rakiya ba. Duk ƙarfen da mai walda ya ƙara, na gaba da na bodi, daga cikin wannan tan ɗin yake ci. Sai masu mota suka samo dabara: a ƙara ganyen sifirin biyu ko uku a baya, mota ta daina durƙusawa, a yi ta lodi. Gaskiya ta daina durƙusawa. Amma birkin nan shi ne na jiya, tayar ita ce ta jiya, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya shi ne na jiya. An dai toshe bakin motar ne don kada ta yi kuka. Kuma duk lokacin da aka ɗaga ƙarafunan bodi aka tula kaya sama, aka ɗora mutane a kan kayan, nauyi ya koma sama, motar ta zama kamar mai ɗauke da tulu a ka tana gudu. Kwana ɗaya mai kaifi, ko taya ɗaya ta nutse a rairayi, sai a ji salati.

Akwai wani lissafin da nake ba manyan ɗalibai. Wanda ya faɗo daga motar da ke gudun kilomita 60 a awa ya bugi abu tsayayye, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 14. Ba uban da zai bar ɗansa ya zauna a bakin rufin bene mai hawa huɗu yana lilo da ƙafa. Amma muna kallo suna zaune a kan murfin bodi, ƙafafu a waje, muna ɗaga musu hannu muna cewa Allah ya ba da sa'a.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce bodin a-kori-kura ba don mutane aka yi shi ba, kuma ba abin da za a saya a kasuwar Maraɗi ko Kano da zai mai da shi bas. Wani zai ce to a hana. A hana a hau me? Mai faɗin haka bai taɓa tsayawa da yara talatin da asuba ba, jarrabawa ƙarfe takwas, tafiya kilomita ashirin cikin yashi. Tunda hawa ya zama dole, sai a kashe kuɗin inda zai rage ɓarna.

Taya ce farko. Kowace taya tana ɗauke da shekarar haihuwarta a gefe: lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Tayoyin hannu da ake kawo mana sukan zo da zane mai kyau amma robar ta bushe, kuma kwalta mai zafi da lodi mai nauyi ba sa yi wa tsohuwar roba afuwa. Akwai kuma lambar nauyi kusa da lambar girma: 112, misali, tana nufin tayar na ɗaukar kilo 1120. Mai faci nagari ya san wannan, tambayarsa ce ba a yi. Bayan taya sai birki, sai safaya mai iska da jak mai aiki, sai tukunyar kashe gobara wadda ba don jandarma kaɗai aka ajiye ta ba.

Shi mai walda ba maƙiyi ba ne, aikin da ake ba shi ne ba daidai ba. Kuɗin ƙarfen gaba zai isa a ƙera benci biyu gajeru a cikin bodi, a ɗaure su da noti a jikin mota, ba a jingina su kawai ba, a yi madafa a gefe, a gyara sakatar murfin baya ta daina buɗewa da kanta, a goge duk wani bakin ƙarfe mai yankan hannu. Ƙasan bodi kuma a shimfiɗa masa roba mai kauri ko katako. Wannan riba biyu ce: ƙarfen ba zai gasa ƙafar yaro ba, kuma fitsarin awaki da takin zamani da kanwa, waɗanda su ke cinye bodi da tsatsa, ba za su kwanta kai tsaye a kansa ba. A riƙa ɗagawa ana wankewa, musamman bayan an ɗauki maganin ƙwari. Tamfol yana da kyau don rana da ruwa, amma kada a rufe shi ruf da mutane a ciki. Hayaƙin salansa yakan kewayo ta baya ya shige, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Yaron da ya sauka yana ciwon kai da amai, ba lallai mayu ne suka kama shi ba.

Sauran magana tamu ce, iyaye da malamai. Idan kwamitin COGES da darakta za su yi shatar mota, mu ne masu biya, kuma mai biya yana da ikon dubawa. Abin da na ga muna yi shi ne ciniki kan jika ɗaya ko biyu har rana ta take, ba wanda ya durƙusa ya kalli taya. A tura mutum biyu tasha tun ana saura kwana uku. Su karanta shekarar taya, su ja murfin baya, su tambayi direba mutum nawa zai ɗauka, a yanke adadi a gaban kamasho, a kuma yi sharaɗi ba buhu, ba jarkar fetur, ba fasinjan hanya a ranar. Idan yaran sun fi adadin, sawu biyu. Na san sawu na biyu kuɗin mai ne, kuma na san yadda aljihu yake a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Shi ya sa ya kamata a sa shi cikin lissafin kwamiti tun taron farkon shekara a watan Oktoba, lokacin da gero ke hannu, a karɓa tiya-tiya a ajiye.