WANE FAIFAI KA FI SAURARE A RAYUWARKA?

Idan aka tambayi mutum wace waƙa ya fi so, amsar ba ta yi masa wuya, nan take zai ambaci wadda ake yayi. Amma idan aka ce masa wane faifai ko kaset ya fi saurare tun da aka haife shi, sai ka ga ya yi shiru yana lissafi. Tambayoyin biyu sun yi kama da juna, sai dai amsoshinsu sukan sha bamban. Abin da mutum yake so yana sauyawa da shekaru da abokai. Faifan da ya fi saurare kuwa, sau da yawa ba shi ne ya zaɓe shi ba. Wataƙila kaset ne da ya daɗe a motar mahaifinsa, ko wanda telan unguwarsu yake sakawa tun safe har dare, ko wanda direban motar haya ba ya gajiya da shi.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, irin wannan faifai malami ne da ba mu cika lura da shi ba. Yana gyara kunne, yana kuma horar da harshe. Saboda haka mu ɗaliban Hausa, musamman waɗanda suka tsinci harshen a aji ba a nonon uwa ba, ya kamata kowannenmu ya zaɓi faifan Hausa guda ɗaya da gangan, ya saurare shi har ya zama jininsa.

DALILIN MAIMAITAWA

Da farko mu duba abin da ya sa iyayenmu da yayyenmu suka riƙa maimaita faifai ɗaya. Babban dalili shi ne yanayin na'urar kanta. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, Sony kuma ya fito da ƙaramar rikodar nan ta aljihu, Walkman, a 1979. Kaset mai lamba C60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, mai lamba C90 kuma minti 45. Wanda yake son tsallake wata waƙa sai ya yi ta tariya gaba da baya yana cin batir, ko ya zura biro a ramin kaset ɗin yana juyawa da hannu. Don haka yawancin mutane sukan bar shi ya yi ta tafiya daga farko har ƙarshe, a juya ɗaya gefen, a sake. Ga shi kuma kaset kuɗi ne, gida ɗaya ba ya mallakar da yawa. Da haka har waƙar da mutum bai so ba da farko takan shiga ransa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1968 wani masani a Amurka, Robert Zajonc, ya nuna cewa yawan cin karo da abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara son sa. Bahaushe ya riga shi faɗa, domin ya ce sabo turken wawa, ya kuma ce yau da gobe ba ta bar komai ba. An kuma lura cewa abin da mutum ya ji tsakanin ƙuruciya da samartaka ya fi zama daram a ƙwaƙwalwarsa. Shi ya sa tsoho zai manta inda ya ajiye tabaransa, amma ya rera maka waƙar da ya ji shekara 50 da suka wuce ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

A duniya akwai fayafayan da aka saurara har suka zama tarihi. Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1982, an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Legend na Bob Marley ya fito a 1984, shekara 3 bayan rasuwarsa, har yau kuma ana jin sa a shagunan aski. A nan kudancin Nijeriya muna da namu. Akwai Sweet Mother na Prince Nico Mbarga na 1976, da Osondi Owendi na Osita Osadebe na 1984, da fayafayan Ebenezer Obey da Sunny Ade, da Face 2 Face na 2Face Idibia na 2004. Abin lura a nan shi ne, za ka tarar da Bayarabe yana bin Osadebe baiti-baiti alhali ko gaisuwa bai iya da harshen Ibo ba, kuma karin sautinsa daidai. Wa ya koya masa? Maimaitawa ce kawai. To, idan faifai zai yi wa wanda ba ya neman harshe wannan aiki, ina ga wanda ya zo jami'a takanas domin ya koyi harshen?

ABIN DA LITTAFI BA YA FAƊA

Duk wanda ya koyi Hausa a aji ya san inda gizo yake saƙa. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar gari a takarda ɗaya ce, ko ana nufin inda mutane suke zaune, ko ana nufin abin da ake tuƙa tuwo da shi. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Haka maraya wanda ya rasa iyaye da maraya kishiyar karkara. Bahaushe ba ya ruɗewa domin kunnensa ya riga ya sani. Mu kuwa sai mun buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham mun duba alamomi, mu haddace, gobe kuma mu manta. Ɗalibi zai iya cin jarrabawar nahawu da maki mai kyau, amma ya shiga Sabo ta Ibadan ko Agege ya buɗe baki, mai shayi ya ce masa ya sake faɗa.

A nan ne faifan makaɗan Hausa yake da rana. Kalangu ganga ce mai kwaikwayon hawa da saukar murya, domin makaɗi yana matse tsarkiyarta a hammata ya ɗaga sauti, ya sassauta ya saukar. Wanda ya daɗe yana sauraren Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana jin jimla sau biyu: ga ta a bakin mawaƙi, ga 'yan amshi suna nanata gindin waƙa, ga kuma kalangu yana bin sawu. Babu wani darasi na aji da zai maimaita maka jimla ɗaya sau 30 cikin rabin sa'a ba tare da ka gaji ba. Ba banza ba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ba banza ba kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana a 1975.

Kowane mawaƙi kuma da ajin da yake koyarwa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙa da ɗan kuntiginsa, babu 'yan amshi, babu hayaniyar ganguna, don haka kowace kalma takan fito fili. Jigoginsa na talaka ne: karen mota, zaman aure, halin ɗan Adam, mai akwai da mai babu. A ganina shi ya fi dacewa da ɗan aji ɗaya. Musa Ɗanƙwairo Maradun, makaɗin kotso da ya rasu a 1991, shi ne malamin kalmomin sarauta da kirari, kuma a bakinsa ne ɗalibi zai ji Hausar yamma da ransa: munka da sunka da anka a maimakon muka da suka da aka, da hw a inda muke rubuta f. Abin da muke haddacewa a kwas ɗin karin harshe ke nan, ga shi ana rera shi. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce take buɗe mana ƙofar cikin gida da kiɗan ƙwarya: habaicin kishiyoyi, zancen biki da suna, da kiran mata su kama sana'a. Wannan Hausa ce da namiji baƙo ba zai taɓa ji a kasuwa ba. Wanda yake son kalmomin dambe da jarumta kuwa, sai ya nemi Ɗan Anace da waƙarsa ta Shago.

MASU JA DA WANNAN RA'AYI

Na san akwai masu cewa harshen waƙa daban, harshen magana daban. Suna da gaskiya. Mawaƙi yakan ja wasali ko ya datse shi domin ya dace da kiɗa, yakan kuma karya ƙa'idar jimla. Wanda ya je sayen tumatir yana magana kamar Ɗanƙwairo a gaban sarki, dariya za a yi masa. Sai dai ban ce faifai ya maye gurbin malami ko hira da Hausawa ba. Aikinsa shi ne ya cika kunne da sautin harshen, ta yadda idan malami ya zo da ƙa'ida za ta tarar da wurin zama. Gane inda mawaƙi ya kauce wa ƙa'ida ma ai ilimi ne, kuma shi ne abin da ake kira nazarin salo.

Wasu kuma sukan ce, don me sai tsofaffin makaɗa? Ai matasa ma da Hausa suke waƙa. Wannan ma haka ne. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinai irin su Sangaya suka mamaye kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, an sami sabon zubi na waƙar Hausa. Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, yana da Hausa mai nauyi da ta isa a yi nazari. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye ƙasar nan a 2020 har ga waɗanda ba sa jin Hausa. Duk wanda zuciyarsa ta fi karkata can, ya zaɓi nasa daga can. Abin da zan ce kawai shi ne, yawancin waƙoƙin situdiyo a kan soyayya suke, kalmominsu ba su da faɗi sosai, na'ura kuma takan gyara murya har ainihin lafazi ya ɓace. Tsofaffin makaɗa sun taɓo noma da farauta da fatauci da mulki, har da kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969, wanda Shata ya yi wa waƙa.

Hujja ta uku ita ce ta wayar hannu. Ana cewa yau muna da dubban waƙoƙi a Audiomack da Boomplay da YouTube, ga Spotify da ya shigo Nijeriya a 2021, me zai sa mutum ya ɗaure kansa da faifai ɗaya? Amsata ita ce, yawan nan shi ne matsalar. Yatsa ba ya haƙuri. Kafin waƙa ta yi minti ɗaya an tsallake ta, an koma wata. Waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo kuwa takan ɗauki dogon lokaci kafin ta kai inda daɗinta yake. Mai ɗanɗana miya goma a rana ba zai iya gaya maka abin da aka sa a ko ɗaya ba. Abin da tsadar kaset ta tilasta wa iyayenmu, mu sai mun tilasta wa kanmu da niyya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Akwai wani dalili da ya wuce amfanin kanmu. Yawancin waƙoƙin makaɗan Hausa ba su fito a tsararren faifai mai suna da shekara da jerin waƙoƙi kamar Thriller ba. An ɗauki da yawa a gidan rediyo, ko a fadar sarki, ko a filin biki, sannan masu shagon kaset suka yi ta kwafa daga wannan zuwa wancan. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima. Waɗanda aka mayar cikin memori da intanet kuma, za ka tarar da wasu an yanke su, wasu an laƙaba musu sunan wani mawaƙin daban. Dattawan da suka san wanda aka yi wa waƙa, da dalilin yin ta, da ma'anar zambon da ke ciki, suna ta raguwa. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi babban aiki wajen tattarawa da nazari, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma sun fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006. Duk da haka abin da ba a rubuta ba ya fi wanda aka rubuta yawa nesa ba kusa ba.

Ga shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai. A farkon kowane zangon karatu, kowa ya zaɓi mawaƙi ɗaya da waƙoƙinsa da ba su wuce na sa'a guda ba. Ya saurare su kullum, a ɗaki da hanya da wurin wanki, ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Bayan mako biyu ya ɗauki biro ya fara rubuta abin da ya ji, ya bar gurbi a inda ya kasa. Sannan ya ɗauki takardar ya tafi unguwar Hausawa mafi kusa da shi, ya gaida dattijo da ladabi, ya ce, "Baba, don Allah me mawaƙin nan yake nufi a nan?" Da wuya a sami dattijon da zai ƙi amsa irin wannan tambaya, hirar da za ta biyo baya kuma ta fi darasin mako guda. A ƙarshen zango a miƙa rubutun ga ƙungiyar ɗalibai ta adana, tare da sunan waƙa da inda aka samo ta. Idan ɗalibai 20 suka yi haka shekara 4, sashenmu zai mallaki taskar da wasu za su zo nema.

Nan da shekara 30 wani zai tambaye mu faifan da muka fi saurare a rayuwa. Zai yi kyau a ce wanda ya riƙe takardar digirin Hausa yana da amsar da ta dace da takardarsa.