Dafi a cikin rairan rijiya: tsarewa ta fi wankewa

Ƴan'uwa manoma, ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ku karanta wannan, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba.

Ruwan rijiyarku ba cikin tabki yake ba. Yana kwance tsakanin rairai da tsakuwa, yana tafiya sannu-sannu. In dafi ya shiga wannan rairai, ko an yashe rijiya sau goma, ba shi fita.

To, ana iya wanke rairan da kansa? Masana sun gwada. Ku ji abin da ya faru a Amurka, a wani wuri da ake kira Hanford, bakin kogin Kolombiya. A 1944 aka fara aikin kayan bom a wurin, amma yanzu an daina. Wani dafi mai suna kurom ya zurara cikin ƙasa, ya nufi kogi.

Daga 1999 aka shiga haƙa rijiyoyi fiye da 60 a jere, tsawon jerin ya kai metir 680. Aka ɗura wani magani cikinsu. Maganin ba ruwa ya wanke ba. Ƙarfen da ke cikin rairai ya sauya ma hali. In ruwa ya ratsa, sai ƙarfen ya kama dafin, ya liƙe shi ga rairai, ruwa ya wuce. Wato an yi rariya a ƙarƙashin ƙasa.

Dabara ce mai kyau. Amma bayan ƴan shekaru ƙarfin rariyar ya ragu a wasu wurare, dafi ya koma wucewa. Dole aka ƙara da jan ruwa da inji ana tacewa.

Ra'ayina shi ne: in mai dukiya irin Amurka ta sha wannan wahala, mu fa? A fadamun Gulbin Maraɗi, Korama da Majiya ruwa kusa yake. Abin da kuka zubar bana, ɗiyanku za su sha shi baɗi.

Saboda haka:

Kada ku wanke pampon feshi a bakin rijiya.
Kada ku yar da gwangwanin maganin ƙwari cikin tsohuwar rijiya.
Ku sa takin zamani daidai awon da malamin gona ya nuna.
Salga ta yi nisan metir 30 da rijiya.
Ku ɗaure bakin rijiya da siminti, dabbobi su sha daga nesa.

Ku kai wannan magana ga taron gari, gaban mai gari, tun damina ba ta faɗi ba.