Storm Shadow: Makamin Da Ya Sauƙaƙa Kai Hari Daga Nesa

Jama'a, tun watan Mayun 2023 da Ingila ta sanar da ba Yukren makami mai linzami da ake kira Storm Shadow, sunansa bai daina fitowa a labaran duniya ba. Mu matasan zango muna jinsa a rediyo, muna kuma musu a kansa a majalisa bayan sallar isha'i, don haka ya kamata mu san ko mene ne.

Ingila da Faransa ne suka haɗa hannu wajen ƙera shi, Faransawa na kiransa SCALP, kamfanin MBDA kuma shi ke yin sa. Nauyinsa ya kai kilo 1,300, kilo 450 daga ciki nakiya ce, yana kuma cin tafiyar fiye da kilomita 250. Jirgin yaƙi ne ke ɗauko shi ya sake shi tun daga nesa, ya juya ya koma gida. Daga nan sai makamin ya yi ƙasa-ƙasa, yana bin tudu da kwari da taswirar da aka ɗora masa da taimakon tauraron ɗan'adam, ga shi an yi masa sigar da na'urar hangen jirage ba ta saurin gano shi. Idan ya kusa, sai kyamararsa ta gwada abin da take gani da hoton da aka ba shi. Nakiyar farko ta huda bango, ta biyu ta shige ciki ta tashi.

Abin lura a nan shi ne matuƙin jirgi ba ya shiga haɗari. Shugaban da ya san ba za a kawo masa gawar sojansa ba kuwa, ba ya daɗewa yana shawara kafin ya ba da umarnin hari.

Idan ba a manta ba, sojan saman Ingila sun fara harba shi a Iraƙi a 2003, aka sake amfani da shi a Libiya a 2011, sannan a Siriya a watan Afrilun 2018. Na Libiya mun ji shi a jikinmu. Dubban 'yan Ghana da ke neman abinci a can, cikinsu har da 'yan'uwanmu na zango, sun dawo gida hannu rabbana. Gwamnatin Gaddafi ta faɗi cikin watanni, makaman rumbunansa suka bazu cikin Sahara, a 2012 kuma arewacin Mali ya kama da wuta.

A Yukren ma makamin ya yi aiki. A watan Satumban 2023 jiragen Su-24 sun kai hari da shi Sebastofol, inda suka lalata wani jirgin ruwan yaƙi da wani mai tafiya ƙarƙashin ruwa, daga baya suka bugi hedikwatar rundunar Rasha ta Baƙin Teku. Wannan na cikin dalilan da suka sa Rasha ta janye jiragenta da dama zuwa gabas, alkama ta ci gaba da fita daga Odesa, abin da ya shafi duk mai sayen burodi a Afirka. Sai dai da aka harba shi cikin ƙasar Rasha, a yankin Kursk, a watan Nuwamban 2024, kashegari Rasha ta mayar da martani da sabon makaminta Oreshnik a kan birnin Dnipro. Kowane ɓangare ya ƙara taki ɗaya, babu wanda ya ajiye makami.

Saboda haka muna kira ga matasanmu da su rage tafi duk lokacin da aka nuna irin wannan makami a talabijin, ko na wane ɓangare ne. Mu riƙa tambaya: bayan an rushe ginin, wa zai zauna teburin sulhu, wa kuma zai kwashi 'yan gudun hijira? A Libiya ba a yi wannan tambaya da wuri ba. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.