A Koya Wa Yara Karanta Alamar Shekaru

Duk manomin da ya taɓa sayen maganin feshi a Malumfashi ko Funtua ya san zanen launin nan da ke gindin kwalba. Ja yana nufin dafi mai tsanani, kore kuwa da sauƙi. Ya kuma san haɗarin maganin da aka juye cikin gorar lemo, aka sayar ba takarda. To, fina-finai da wasannin bidiyo su ma suna da irin wannan alama, sai dai iyaye da yawa a Matazu da ƙauyukanta ba su taɓa lura da ita ba, balle su bayyana wa 'ya'yansu.

Ga yadda abin yake, yadda ko ɗan firamare zai gane. A shekarar 1993 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Bidiyo ta Ƙasa, bisa dokar soja mai lamba 85. Wanda ya shirya fim yakan kai shi gaban hukumar kafin ya fitar da shi kasuwa. Ma'aikatanta sukan zauna su kalle shi daga farko har ƙarshe, suna lura da faɗa da zubar da jini, da tsiraici, da ashar, da shaye-shaye. Sa'an nan su ba shi alama, ko su ce a yanke wani wuri tukuna. Harafin G yana nufin kowa na iya kallo. PG kuwa, a kalla tare da iyaye. Lambobin 12 da 15 da 18 su ne shekarun da ya kamata mutum ya kai kafin ya kalla. Jihar Kano ma ta kafa tata hukumar a 2001.

Na wasanni kuwa, ga yadda ya faro a Amurka. Wani wasan faɗa mai suna Mortal Kombat, wanda jini ke tsartuwa a cikinsa, ya tayar wa iyaye hankali har majalisar dattawan ƙasar ta zauna a kan batun a 1993. Da shekara ta zagayo, kamfanonin suka kafa hukumar sa alama. A yau wanda ya buɗe Play Store a wayarsa zai ga 3+ ko 7+ ko 12+ ko 16+ ko 18+ kusa da sunan wasa. Amma a nan akwai abin lura. Yawancin wasannin waya, wanda ya ƙirƙiro wasan shi ne ke amsa tambayoyi da kansa, na'ura ta fitar da lambar. Ba lalle wani ya zauna ya buga shi ba kafin ya iso hannun yaro.

Abin da ya fi damun mu shi ne hanyar da fim ke bi ya shigo gidajenmu. A zamanin kaset, alamar tana jikin kwali, uba na iya jujjuya shi ya duba. Yanzu yaro ya kai waya wurin caji, a tura masa fina-finai goma a memori da kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Ba kwali, ba lamba, wani lokaci ma an yanke farkon fim ɗin inda alamar take. Wannan ita ce gorar lemon da muka ambata. Haka nan a gidan kallo, da wuya a ji mai ƙofa ya tambayi shekarun kowa.

Ba mu ce alamar ta isa ba. Ma'aikacin hukuma a Abuja bai san ɗanka ba, bai san abin da ke hana shi barci ba, kuma G ba ta ce fim yana da amfani ba. Duk da haka ta fi babu nesa ba kusa ba, kuma yaron da aka nuna wa dalilinta ya fi saurin yarda da wanda aka daka wa tsawa kawai.

Saboda haka muna roƙon iyaye da malaman makarantar Lahadi su ɗauki waya su nuna wa yara waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya. Masu tura fina-finai kuma, yawancinsu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. A same su a shagunansu, a roƙe su su ware na yara daban, su kuma riƙa tambayar shekarun wanda ya miƙo memori.