Fatar da Mai Ya Ƙona, Ba Wani Haɗin Ne Zai Gyara Ta Ba

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a gidajen biki da shagunan kayan kwalliya daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura. Da zarar fuskar mace ta fara raɗaɗi, tana saɓa, ko kumatunta sun yi ja kamar an gasa su, sai kowa ya ce ta nemi haɗin gyara. Wata ta ce akwai mai haɗawa a Kano, wata ta ce nata daga Dubai ake kawo shi, wata kuma ta nuna wani mai a waya da aka ce yana ɗauke da sinadarin seramid, kuɗinsa ya isa cefanen gida na mako guda. Duk shawarwarin nan tushensu ɗaya ne, wato an ɗauka cewa fatar da ta lalace wani sinadari ne mai tsada ya yi mata ƙaranci, kuma gwargwadon kuɗin da aka kashe, gwargwadon gyaruwarta. Ra'ayina shi ne wannan fahimta kuskure ce, kuma ita ce take riƙe da mata da yawa cikin wahalar da tuni ya kamata a ce sun fita. Fata tana gyara kanta idan an daina cutar da ita, abin da take nema daga waje kaɗan ne kuma mai araha, wanda kuwa ya wuce haka aikin asibiti ne.

Sai an san yadda fatar take kafin a gane dalili. Can saman fata akwai wani shimfiɗi da bai kai kaurin silin gashi ba, na matattun ƙwayoyin halitta da aka jera hawa kusan 15 zuwa 20, an cike tsakaninsu da wani irin maiƙo. Masanin fata Peter Elias na Amurka ya kwatanta shi da gini, kuma kwatancen ya dace da wanda ya san ginin ƙasa: ƙwayoyin su ne tubala, maiƙon shi ne kwaɓaɓɓiyar ƙasar da ta riƙe su. Kusan rabin maiƙon nan seramid ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kwalastaral, sauran kuma wasu nau'o'in kitse. Aikinsa shi ne hana ruwan jiki tsiyayewa waje, da hana ƙwayoyin cuta da ƙura da sinadarai kutsawa ciki. Idan ya zube, fata takan bushe, ta yi gautsi, ko ruwan alwala ya taɓa ta sai ta yi zogi. Abin da masu talla ba sa so a sani shi ne, jiki da kansa yake sarrafa wannan maiƙo, kuma yakan sabunta saman fata gaba ɗaya cikin kimanin mako huɗu, ko fiye da haka kaɗan ga wanda ya manyanta. Babu wata kwalba da take yin wannan aiki a madadin jiki.

Me ke rusa shi a wannan yanki namu? Na farko hunturu, wanda daga Nuwamba zuwa Fabrairu yakan sauke laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa kaushi da faso da tsagewar leɓe suke zuwa tare da shi. Na biyu wanka da ruwa mai tsananin zafi da sabulu mai kaifi da soso mai kaushi. Saman fata yana da ɗan tsami, a ma'aunin masana yana tsakanin 4.5 da 5.5, sabulun gama-gari kuwa yakan kai 9 zuwa 10, don haka kowane wanka yana wanke wani kaso na maiƙon. Na uku, wanda ya fi duka ɓarna, shi ne man bilicin, musamman 'yan tub-tub ɗin nan da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba a matse su cikin man shafawa. Da yawansu suna ɗauke da magungunan siteroyid masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametason, waɗanda aka yi domin kirci da makamantansa na ɗan taƙaitaccen lokaci. Wani bincike da aka buga a 2003 daga ɗakin binciken Elias ya nuna cewa kwana uku kacal na shafa kulobetasol ya isa ya rage ƙarfin fata na sarrafa maiƙonta da jinkirta warkewarta. To ina ga wadda ta shekara biyu tana shafawa safe da dare?

A nan ne ruɗin haɗin gyara yake. Ana kawo shi a 'yar roba marar suna, babu lambar hukumar NAFDAC, babu jerin abin da aka zuba, sai dai a ce da mai saye organik ne. Ta shafa kwana uku, jan ya kwanta, ƙaiƙayin ya tafi, ta rantse ta samu magani. Amma ba man kaɗanya ko zuma ko kurkur ba ne suke kashe kumburi da wannan saurin, har su ƙara haske a kai. Abin da aka sani da wannan aiki shi ne siteroyid, wato dai abin da ya jawo cutar tun farko. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Wani haɗin kuma akwai sinadarin bilicin na haidirokinon a ciki, ko zaiba wadda take illa ga ƙoda da jijiyoyi, kuma take ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Ba banza ba a watan Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Mai haɗin da ta sayar da man da ya ƙona fata, sannan ta sayar da na gyara, ta ci riba sau biyu a fuska ɗaya.

Abin da shaida ta tabbatar yana taimaka wa fata ta farfaɗo bai wuce abu biyu ba: wanda zai jawo ruwa ya riƙe, da wanda zai rufe kada ruwan ya gudu. Gilisarin yana yin na farko. Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista tun 1872, yana yin na biyu fiye da kowane mai, domin yana rage fitar ruwa daga fata da kusan kashi 98 cikin 100, kuma wani bincike na 1992 ya nuna yana shiga tsakanin ƙwayoyin saman fata ya hanzarta warkewa maimakon ya tare ta. A 2011 an gwada wani mai na basilin da ake sayarwa a kanti da wasu mayuka biyu masu tsada da likita kan rubuta, ɗaya daga cikinsu na seramid, a jikin yara masu kirci a Amurka. Ba a ga bambancin warkewa ba, sai dai na basilin ya fi su sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. A 2022 an sake wani gwaji a Ingila da yara 550, aka raba musu mayuka iri huɗu daga mai ruwa-ruwa zuwa mai kauri, aka tarar duk ɗaya suke wajen amfani. Darasin da masu binciken suka fitar shi ne, man da ya fi shi ne wanda mutum zai iya shafawa kullum. A Gwiwa ko Roni wannan na nufin wanda aljihu zai iya ɗauka har ƙarshen hunturu.

Mai musu zai ce ai seramid ba ƙarya ba ne, tun da shi ne rabin maiƙon fata. Gaskiya ne, kuma man seramid na kamfani mai rajista yana da amfani, wanda yake da hali ya saya. Abin da nake ja da shi shi ne a mai da shi sharaɗin warkewa, har mace ta ga cewa tun da ba ta da kuɗinsa gara ta ci gaba da tub ɗinta mai araha. Wata kuma za ta ce basilin yana sa baƙi. Basilin ba shi da abin da zai ƙara wa fata launi. Abin da take gani launinta ne na haihuwa yake dawowa bayan ta daina danne shi, ga kuma rana da take dukan fatar da ta yi siriri. Ƙorafin da yake da tushe shi ne na zafi: a bazara, lafta mai mai kauri a jiki mai gumi yana kawo ƙurajen zafi, kuma mai yawan ƙurajen fuska bai kamata ya cika shi ba. Maganin wannan shi ne a shafa kaɗan, a jiki mai ɗan danshi da an fito wanka, a fi yawaitawa da dare, a koma mai sauƙi idan zafi ya shigo.

Akwai kuma masu cewa mafita ita ce a koma kayan gargajiya, domin duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Wannan ma ba haka yake ba. Lemun tsami a fatar da ta saɓe ƙuna ne a kan ƙuna, kuma idan rana ta same shi yakan bar baƙin tabo. Sabulun salo da toka ake yin sa, kaifinsa bai gaza na kanti ba. Dilka da halawa gurza ne da tsiga, lafiyayyar fata tana iya jure su, wadda ta ji rauni kuwa ƙara mata ciwo suke yi. Hatta man zaitun, wanda babu mai musun albarkarsa da amfaninsa a abinci, gwajin da aka yi a Jami'ar Shafil ta Ingila a 2013 ya nuna shafa shi kullum na 'yan makonni yana raunana saman fata, alhali man furen rana bai yi haka ba. Wanda ya cancanci yabo a cikin namu shi ne tsantsar man kaɗanya marar turare, mai kauri da rufe fata, wanda iyayenmu suka daɗe suna shafa wa jarirai da ƙafafu masu faso. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwallon kaɗanya, kamfanonin Turai suna saye su zuba a kwalba su dawo mana da shi da ninkin kuɗi, mu kuma muna raina na ƙwarya.

Hujja mafi ƙarfi ta masu ci gaba da shafe-shafe ita ce, idan suka daina fuskar takan fi lalacewa. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Fatar da ta saba da siteroyid takan yi bore idan an janye shi, ta yi ja, ta feso da ƙuraje, ta yi makonni ko watanni kafin ta lafa. Wadda kuma ta daɗe tana shafe jikinta duka, maganin yakan ratsa cikin jini ya sa jiki ya rage sarrafa nasa sinadarin, har ya kawo hawan jini ko ciwon sukari, kuma yanke shi farat ɗaya na iya zama haɗari. Amma wannan hujja ce ta zuwa babban asibitin Kazaure ko na Babura a tsara yadda za a janye a hankali, in ta kama a tura mutum wurin likitocin fata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Can ne kuma za a faɗa mata abin da mai haɗi ba za ta faɗa ba: faffaɗar nankarwar da ta tsaga damatsa da cinyoyi ba ta gogewa, kuma baƙin nan mai shuɗi-shuɗi da haidirokinon yake bari a kumatu, wanda likitoci suka bayyana a Afirka ta Kudu tun 1975, yana da matuƙar wuyar magani. Duk wadda ta yi alkawarin share su cikin mako biyu kuɗi take nema.

Nauyin gyara bai rataya a wuyan mata kaɗai ba. Namijin da yake zuba mayukan haske a akwatin lefe, da uwar da take kai amarya gyaran jiki ana saura kwana goma biki tana cewa a fito mata da ita fara tas, da mai kemis da yake miƙa tub ba tambaya, duk suna da hannu. Ke kuma 'yar'uwa da fuskarki take raɗaɗi yau, ajiye robar nan marar suna, ki rage zafin ruwa, ki bar soso a fuska, ki shafa basilin ko man kaɗanya, ki kare kanki daga rana, ki ba fatarki wata guda zuwa biyu. Idan kin daɗe a kan tub, ki tafi da shi asibiti a hannunki ki nuna wa likita kafin ki daina.