Zazzaɓi Bayan Tiyata: A Riƙa Sauraron Uwar Yaro

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari da ke faruwa a ɗakunan kwantar da yara na asibitoci, nan Abuja da can inda kuke, wanda ba a cika jin labarinsa ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. An yi wa yaro aiki, likita ya fito ya ce an yi nasara, dangi sun yi hamdala sun watse. Bayan kwana uku ko huɗu sai jikin yaro ya ɗauki zafi. Uwa ta je ta gaya wa nas, nas ta ce ai haka ake yi bayan aiki, ta ba da farasitamol. Dare ya raba, uwa tana ganin ɗanta ba yadda ta san shi ba, amma sai ta koma ta zauna, don kada a ce ta cika fitina. To, ni a ganina bai kamata a bar ran yaro ya rataya a kan ƙarfin halin uwarsa ba. Tilas ne asibiti ya buɗe mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a amsa, mu kuma tilas ne mu koyi ƙwanƙwasawa.

Da farko dai a yi wa nas adalci, domin ba kullum maganarta ke zama kuskure ba. Zazzaɓin da ya zo a rana ta farko ko ta biyu bayan aiki, yawanci jiki ne ke amsa yankan da aka yi masa, kuma yakan sauka da kansa. Wanda ya taso daga kwana na uku zuwa sama, ko wanda ya sauka ya sake dawowa da ƙarfi, shi ne abin bincike. Yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ɗinki, ko ƙirji, ko mafitsara, ko wurin da aka sa allurar ƙarin ruwa. Idan aikin hanji ne, irin wanda ake yawan yi wa yaranmu sa'ad da taifot ya huda hanji, yana iya zama ɗinkin ciki ne ya saki. A ƙasarmu kuma ga zazzaɓin cizon sauro, wanda ba ya jin kunyar shiga asibiti. Farasitamol yana sauke zafi, amma ba ya kashe ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da likitoci ke tsoro shi ne cutar ta bazu ta birkita jiki gaba ɗaya, abin da suke kira sefsis, wanda cikin 'yan sa'o'i yake iya kayar da yaron da aka gani yana wasa da safe.

Kada wani ya ɗauka tsoratarwa ce irin ta 'yan jarida. A shekarar 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan yara 8,625 waɗanda aka yi wa tiyata a asibiti 249 cikin ƙasa 31 na Afirka. An tarar kashi 18 cikin ɗari sun gamu da wata matsala bayan aikin, fiye da biyu cikin ɗari kuwa sun rasu, watau wajen ninki 11 na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Kafin wannan, a 2018, an buga irinsa a kan manya su 11,422 a ƙasa 25. A can an ga abin da ya fi ba ni tsoro: cikin mutum 239 da suka rasu, 225 ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Ashe dai ba wuƙar likita ce ta fi kisa ba. Ana rasa mutane ne a kan gado, a cikin ɗaki, a lokacin da jiki ke ta ba da alama babu mai lura. Wa ke zaune a bakin gadon nan dare da rana? Uwa ce, ko kaka, ko gwaggo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Turawa ma da suke da kayan aiki sai da suka koyi wannan da hawaye. A watan Nuwamba na shekarar 2000, a Jihar Karolina ta Kudu a Amurka, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Lewis Blackman aikin gyaran ƙashin ƙirji. Yaro lafiyayye, da ƙafarsa ya shiga asibiti. Aka shiga hutun ƙarshen mako, ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, cikin ya kumbura, aka ce iska ce. Mahaifiyarsa, Helen Haskell, ta yi ta roƙon a kira mata babban likita, amma waɗanda suka zo duk masu neman ƙwarewa ne, ita kuwa ba ta san bambancinsu ba. Kwana huɗu bayan aikin yaron ya rasu, aka gano maganin kashe zafin ciwo da ake ba shi ne ya huda masa ciki ya yi ta zubar da jini. Matar nan ba ta zauna ba, sai da majalisar jihar ta yi doka da sunan ɗanta a 2005, wadda ta tilasta wa ma'aikatan asibiti su rataya shaidar matsayinsu, a kuma nuna wa majinyaci hanyar da zai sami babban likitansa.

Na Ingila ya fi kusa. A 2021 wata yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, ta faɗi daga kan keke ta ji ciwo a ciki, aka kwantar da ita a asibitin King's College da ke Landan. Zazzaɓi ya kama ta, iyayenta suka yi ta nuna damuwa, ana kwantar musu da hankali, har sefsis ya kashe ta. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa da an mai da ita ɗakin kulawa ta musamman da wuri, da wataƙila ta rayu. Daga nan aka kafa abin da ake kira Ƙa'idar Martha, aka soma aiki da ita a asibiti 143 a 2024. Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa: akwai lambar waya a bango, dare ko rana, idan kana ganin majinyacinka yana taɓarɓarewa ba a saurare ka ba, sai ka buga, wasu ma'aikata dabam su zo su duba shi da sabon ido. Ku lura da wannan, jama'a: mahaifiyar Martha edita ce a jaridar Guardian, Turanci harshen uwarta ne, a babban birnin ƙasarta take, duk da haka ba a ji ta ba. To ina ga baiwar Allah da ta zo daga Dei-Dei ko Zuba, ko matar ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a Mile 12, wadda ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci?

Wani zai ce ai mu ba mu da doka. Muna da ita, a nan Abuja aka yi ta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta ce a sanar da majinyaci halin da yake ciki da irin maganin da za a yi masa, kuma gwargwadon hali a yi masa bayanin cikin harshen da yake ji. Sashe na 30 ya ba kowa ikon kai ƙara a kan yadda aka kula da shi, a kuma bincika. Ran 31 ga Yuli 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Takardar Haƙƙoƙin Majinyata mai ɗauke da haƙƙi 12, wadda Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta shirya. Ga kuma Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Nijeriya, mai kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Duk sun yi kyau. Sai dai mafi yawansu ihu ne bayan hari. Ofishin karɓar koke yana rufe ƙarfe biyun dare ranar Asabar, kotun ladabtarwa kuwa ba ta taɓa dawo wa wata uwa da ɗanta ba.

Ban ce likitocinmu miyagu ne ba, kuma duk wanda ya faɗi haka bai yi gaskiya ba. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa wajen likita 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. A watan Satumba na 2025 likitoci masu neman ƙwarewa na asibitocin Hukumar Birnin Tarayya sun tafi yajin aiki, kuma ƙarancin ma'aikata yana cikin manyan kokensu. Nas ɗaya ko biyu a kan ɗaki cike da yara ba za su iya auna zafi da numfashin kowa a kan kari ba, ko da mala'iku ne. Amma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, ai nan ne aka fi bukatar idon mai jinya. A asibitin Mbale na ƙasar Yuganda an gwada koya wa dangi auna bugun zuciya da numfashin waɗanda aka yi wa aiki, aka tarar yawan awon da ake yi a rana ya ƙaru ƙwarai. Mu da muke da masu jinya har suna kwana a baranda, me ya hana mu mai da su mataimaka maimakon mu riƙa korarsu kamar awaki sun shiga gona?

Yanzu bari in juyo kanmu, domin namu laifin ba kaɗan ba ne. An rene mu da kunya da kara, an koya mana cewa tambayar babba rashin ladabi ne. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a bakin gadon yaro mai zazzaɓi tana iya zama asara. Mukan ce ƙaddara ce tun ba mu yi abin da ke hannunmu ba, alhali kuwa malamanmu ba su taɓa cewa tawakkali ya hana tambaya ba. Sa'an nan maigida yakan biya kuɗin aiki ya koma kasuwa, ya bar matar da bai taɓa bari ta yi magana da baƙon namiji ba, ya ce ita za ta fuskanci likita. Mafi muni, idan muka ga ba a kula mu, maimakon mu ɗaga murya sai mu ɗaga yaro mu gudu da shi gida, ko mu ɗura masa jiƙo a ɓoye bayan likita ya ce kada a ba shi ko ruwa. Hanjin da aka ɗinka jiya ba ya ɗaukar jiƙo. Wanda kuma ya riga ya ba da wani abu, don Allah ya faɗa, ba kotu ba ce.

Ƙwanƙwasa ƙofa kuwa yana da hanya, ba zagi ba ne ba kuma cin kwalar nas ba. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, a saya a ajiye kusa da gado tare da ɗan littafi. Daga digiri 38 zuwa sama zazzaɓi ne. A rubuta lokaci da awo, da lokacin da yaro ya yi fitsari na ƙarshe. Wanda ya ce "jikinsa da zafi" dabam yake da wanda ya ce "tun la'asar sau uku yana wuce 39, kuma tun safe bai yi fitsari ba." Na biyun ba a iya sallamarsa da farasitamol. Idan numfashi ya yi sauri, ko tafin hannu da ƙafa suka yi sanyi, ko yaro ya yi ta barci ba ya farkawa sosai, ko ciki ya kumbura, ko ya yi amai kore, ko ɗinki ya soma fitar da ruwa mai wari, to ba a jiran zagayen likitoci na safe. Kada kuma sanyin jiki ya ruɗe ku, domin yaron da cuta ta ci ƙarfinsa wani lokaci zafinsa sauka yake yi ƙasa da ƙima.

Ku sani kuma farar riga ba matsayi ɗaya ba ce. A manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙasa na Abuja da na koyarwa na Gwagwalada, ko na Idi-Araba da na Badun, akwai sabon likita mai sanin makamar aiki, akwai masu neman ƙwarewa ƙanana da manya, sa'an nan akwai babban likita, wanda suke kira kwansoltan, kuma kowane yaro da aka kwantar yana ƙarƙashin sunan ɗaya daga cikinsu. Tun ranar farko a tambayi sunansa. Idan nas ba ta ji ba, a nemi shugabar nas-nas ta ɗakin. Idan ƙaramin likita ya duba hankali bai kwanta ba, a ce masa cikin ladabi, "Likita, don Allah ka sanar da na gaba da kai, kuma ka rubuta a fayil cewa na roƙa." Wanda ba ya jin harshen wurin ya nemi tafinta tun kafin ranar aiki. Nan ne sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun za su yi wa jama'arsu babban taimako, idan suka ware 'yan matasa masu ilmi, maza da mata, waɗanda za a iya bugo wa waya ko da tsakar dare su zo su tsaya wa mai jinya.

Kirana na musamman ga Ministan Babban Birnin Tarayya ne da hukumar da ke kula da asibitocin Wuse da Asokoro da Maitama da Kubwa da Nyanya da sauransu. Wannan ba kwangila ba ce, ba ya bukatar sabon gini. A ware waya ɗaya a kowane asibiti, a riƙe ta a hannun babban ma'aikacin da ke bakin aiki. A rubuta lambar a bangon ɗakin yara da Turanci da Hausa da Gbagyi da Yarbanci da Ibo, a kuma karanta wa wadda ba ta iya karatu ba ranar da aka ba ɗanta gado. A yanke lokacin da ba za a wuce ba kafin a amsa kira, a rubuta kowane kira a littafi, shugaban asibiti ya duba littafin kowace Litinin. A kuma gargaɗi ma'aikata cewa uwar da ta buga wayar nan ba ƙararsu ta kai ba, kada a huce a kan ɗanta. A fara da asibiti biyu na wata shida, a buga sakamakon kowa ya gani, sa'an nan gwamnatocin Ikko da Oyo da Kano su aiko a nuna musu littafin.