Jirgi Ƙarami, Mutane Kaɗan: Haƙƙin Murjanin Zanzibar a Kan Baƙi

Zanzibar ta shiga bakin mutanenmu. Ango da amarya, 'yan kasuwa, ma'aikata masu hutun ƙarshen shekara, duk wanda Allah ya hore masa yana son ya taka farin yashin tsibirin Unguja. Wanda ya je kuwa da wuya ya dawo ba a tallata masa yawon teku ba: a ɗauke shi a jirgi zuwa inda ruwa ya kwanta a bayan shingen murjani, a ba shi tabarau na ruwa da bututun numfashi, ya kifa fuskarsa ya kalli kifaye. Ra'ayina shi ne, duk mai zuwa ya zaɓi ƙaramin jirgin katako mai tafiya da iska, mai ɗaukar mutane kaɗan, ko da kuɗinsa ya fi na babban jirgin inji.

Dalili na farko yana ƙarƙashin ruwan. Abin da baƙo ke ɗauka dutse ne mai launi, halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne ke gina murjani, suna zaune tare da wasu tsirai ƙanana da ke ba su abinci da launi. Manyan dunƙulensa ba su cika ƙaruwa da fiye da santimita ɗaya a shekara ba. Ƙarfen tsayar da jirgi da aka jefa sau ɗaya, ko ƙafar wanda ya gaji da iyo ya tsaya ya huta, suna iya karya ginin shekaru masu yawa. Ga kuma ɗumamar teku: a 1998 ruwan Tekun Indiya ya yi zafi, murjani mai yawa ya koɗe ya mutu a gaɓar gabashin Afirka. Wannan muhalli bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in halittun teku sun dogara da shi. Masuntan Zanzibar kuma daga nan suke samun abin sawa a tukunya.

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Jagora ɗaya yana iya lura da mutum takwas, ya gyara wa wannan rigar ceto, ya hana wancan taɓa murjani, ya ga wadda tsoro ya kama tun kafin ta sha ruwa. Mutum hamsin kuwa sun fi ƙarfin idonsa. Wannan ya shafe mu musamman, domin da yawa daga cikin waɗanda suka tashi a Kano ko Zariya ba su iya iyo ba. Jirgi mai tafiya da iska kuma ba ya cika ruwa da ƙarar inji da ɗigon mai, kuma matuƙinsa sai ya san kaskazi da kusi, iskokin da suka daɗe suna kai jirage tsakanin Oman, Indiya da gaɓar Suwahili.

An riga an ga ƙarshen cunkoso a wani wuri. Gaɓar Maya a ƙasar Tailan ta yi suna bayan fim ɗin The Beach na shekarar 2000, har ta kai ana sauke mata baƙi kusan 5,000 a rana. Murjanin ya lalace, gwamnati ta rufe wurin a watan Yunin 2018, ba a sake buɗe shi ba sai Janairun 2022, bisa sharaɗin jirage ba za su shiga cikin gaɓar ba, kuma babu iyo. Masu jiragen da suka yi ta lodin mutane su ne suka fara rasa abinci.

Zanzibar tana da misalin da ya fi wannan kyau a gida. Tsibirin Chumbe, kudu maso yammacin birnin Stone Town, an ayyana murjaninsa wurin kariya a 1994. Ana ƙayyade yawan baƙi a kullum, tsofaffin masunta ne aka horar suka zama masu gadi da jagora, kuɗin baƙi kuma shi ke ɗaukar nauyin kawo 'yan makaranta, maza da mata, su ga tekun ƙasarsu da idonsu. Gaɓar Menai ma ta samu kariya a 1997, bayan kamun kifi da nakiya ya yi mata ɓarna. Sai dai a kusa da tsibirin Mnemba da ƙauyen Kizimkazi har yanzu ana ganin jiragen inji suna cincirindo, wasu suna bin dabbar dolfin a guje don baƙi su ɗauki hoto.

Za a ce wannan tsari na masu kuɗi ne, kuma rage fasinja rage abincin matuƙi ne. Maganar tana da nauyi. Amma wanda ya iya biyan kuɗin jirgin sama da otal ba ƙarin kuɗin ƙaramin jirgi ne zai gagare shi ba. Matuƙi kuwa, ribarsa ta gaske ita ce murjanin ya rayu har 'ya'yansa su gaji sana'ar. Abin da ya rage shi ne hukumomi su tabbatar kuɗin shiga wuraren kariya yana komawa ƙauyukan da aka rage wa wurin kamun kifi.

Saboda haka, kafin ka biya, ka tambayi mutum nawa jirgin ke ɗauka, ka tambaya ko akwai rigar ceto ga kowa, ko ana ɗaure jirgi a maɗauri ne maimakon jefa ƙarfe kan murjani, kuma ko matuƙan 'yan yankin ne. Idan amsa ba ta gamsar ba, ka nemi wani jirgin. Baƙo amana ake ba shi, kuma kuɗinsa ne ke yanke irin jirgin da zai fita teku gobe.